Sakaya Suna da Kiran Girma a Ƙasar Dutse

A ƙasar Dutse, daga Garu zuwa Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu da Gwaram, ba a kiran na gaba da sunansa gatsal. Sunan yanka na sa'o'in mutum ne da waɗanda suka girme shi. Wanda yake ƙasa da shi a shekaru, ko a ilimi, ko a muƙami, hanya uku gare shi. Ko dai ya ɗora wani abu a gaban sunan, ya ce Malam wane ko Hajiya wance. Ko ya ajiye sunan ɗungurungum ya kira dangantaka ko sarauta, ya ce Baffa, Gwaggo, Galadima. Ko kuwa ya bar kiran ya yi addu'a, ya ce ranka ya daɗe. Japanawa, da suka yi fice a duniya wajen ladabin harshe, sukan liƙa "san" ko "sama" a ƙarshen sunan mutum. Bahaushe kuwa, iya girman mutum iya yadda sunansa ke ɓacewa daga bakin jama'a. Wannan tsari ba rana ɗaya aka gina shi ba. Kowane zamani da ya ratsa ƙasar ya bar nasa kalmomin, kuma da wuya a sami zamanin da ya iya share na gabansa.

Mafi daɗewa shi ne na cikin gida, wato alkunya. Matar aure ba ta faɗin sunan mijinta. Takan ce Maigida, ko Malam, ko baban wane, ko kawai "shi", kuma kowa ya san wanda take nufi. Ba ta faɗin sunan surukanta, har ma idan wani yaro a unguwa ya ci sunan surukinta sai ta nema masa wani abin kira. Uwa da uba ba sa kiran ɗan fari da sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce ke ɗaukarsa bayan yaye. Wannan kunya ta ɗan fari ta fi tsanani a gidajen Fulani, kuma ƙasar Dutse ƙasa ce da Fulani da Hausawa suka daɗe da cuɗanya ta aure da maƙwabtaka. Daga wannan cuɗanya ne Baffa, Kawu da Gwaggo suka zauna daram a bakin Bahaushe, har ya zama ba ya jin su a matsayin baƙin kalmomi. A gidajen da Fulatanci bai gama barin su ba ana jin Adda ga babbar 'yar'uwa da Hamma ga babban ɗan'uwa, inda sauran jama'a ke cewa Yaya.

Alkunya ce ta haifi tarin laƙubban da mutane ke ɗauka kamar sunayen yanka ne. Idan aka mayar wa jariri sunan kakansa, iyayensa ba za su iya kiransa da shi ba, don yin haka tamkar kiran mahaifinsu ne gatsal. Sai a ce masa Abba, ko Baba, ko Baffa, ko Babangida. Mace a ce mata Ummi, Inna, Iya ko Uwani. Haka ake yi idan sunan na wani babban malami ne ko sarki. Usman yakan zama Shehu saboda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Yusuf ya zama Maitama, Abdullahi ya zama Maikano. Ɗaya daga cikin sarakunan Dutse na ƙarni na 20, Abdullahi Maikano, da irin wannan laƙabi aka san shi. Ko bayan rasuwa ana ci gaba da sakayawa: Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1846 zuwa 1855, an fi saninsa da Maje Ringim, wato da sunan garin da ya rasu, garin da yau yake cikin Jigawa.

Akwai kuma girmamawar da ke cikin ginin jimla. Yaro mai tarbiyya yakan ce "Baba sun fita", ko ya ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" alhali mutum ɗaya yake nufi. Wani lokaci a kauce wa "kai" da "ku" baki ɗaya, a ce "an wuni lafiya?" ko "an dawo?" Iyakar inda aka sassauta wannan doka ita ce tsakanin abokan wasa. Kaka takan kira jikanta mijinta, kaka namiji ya kira jikarsa amarya, su kuma su mayar da martani ba a ga laifinsu ba. Taubasai ma haka, da Fulani da Barebari. Wasan yana da daɗi ne domin kowa ya san cewa a wajen wannan da'ira irin maganar rashin kunya ce.

A wajen gida, tsarin sarauta ne ya fara ba wa kiran girma matakai. Sarautar Dutse tsohuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Dutse tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, inda ya ce Burja ya auri 'yar Sarkin Dutse tare da 'ya'yan sarakunan Shira da Rano. Zamanin Burja ne kuma aka ƙarfafa hulɗa da Borno, ƙasar Dutse kuwa tana kan hanyar gabas. Daga Borno aka samo Galadima, Ciroma da Yarima, da kuma Bulama, wanda har yau ake kiran mai unguwa ko shugaban ƙaramin ƙauye da shi a sassa da yawa na Jigawa. Madaki, Makama, Barde da Sarkin Dawaki sun zauna tare da su a fada ɗaya. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya tsara majalisar da ake kira Tara ta Kano, kuma fadojin manyan garuruwa irin su Dutse, Gaya, Rano da Ƙaraye sun yi koyi da fasalin Kano gwargwadon ƙarfinsu.

Abin lura shi ne sarauta tana cinye suna. Daga ranar da aka naɗa wa mutum rawani, ƙannensa da abokansa, har da waɗanda suka girme shi, sun daina kiransa da sunan da suka saba. Ya zama Galadima ko Madaki, matarsa ma haka za ta riƙa cewa. Manyan sarautu suna da nasu take na gaisuwa, kamar Daudu ga Galadima da Goje ga Madaki, maroƙa da makaɗa kuma su ne ma'ajiyar waɗannan. Tsarin bai tsaya a fada ba. Kowace sana'a ta yi wa kanta shugaba da kalmar sarki: Sarkin Noma, Sarkin Fawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska, Sarkin Kasuwa. A kasuwa irin ta Shuwarin, mahauci ba zai kira shugabansa da suna ba, "Sarki" zai ce, kuma ba wanda zai ɗauka Sarkin Dutse ake nufi. Mata ma suna da nasu: Magajiya, Jakadiya, Uwar Soro, sannan a gidan kowa akwai uwargida da amarya.

Gaisuwar sarakunan wancan zamani ta haɗa da afi, wato mutum ya faɗi ƙasa ya ɗebi turɓaya ya zuba a ka. Al'ada ce da ta game yammacin Afirka. Ibn Battuta ya gan ta a fadar Mali lokacin da ya je can a 1352. Ita ce kuma ɗaya daga cikin abubuwan da masu jihadi suka yi wa ca. A cikin Kitab al-Farq, Shehu Usmanu ya lissafa zuba ƙasa a ka wajen gaisuwa cikin miyagun al'adun mulki, ya kuma soki sunayen sarautun da ba su da tushe a shari'a, har ya kawo Galadima da Ubandawaki cikin misalansa. Abin da ya so shi ne amir, waziri, alƙali da makamantansu.

Wajen 1807, lokacin da Kano ta faɗa hannun masu jihadi, Dutse ta koma hannun Salihi da Musa, jagororin Fulanin Yalligawa da Jalligawa. Amma burin sauya sunayen sarauta bai yi nisa ba. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819 ya tarar da tawaye ta ko'ina, ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya farfaɗo da sarautun Haɓe domin ya sami abin da zai riƙe ƙasa da shi. Aka ba shi. Saboda haka Galadima da Madaki suka dawo, Waziri da Alƙali da Liman suka zauna kusa da su, Arɗo da Sarkin Fulani suka ƙaru a kai. Amir ya tsaya a wasiƙun Larabci, a baki kuwa Sarki ake cewa. A wannan yanki an san Sarkin Dutse, da Sarkin Kudu a Birnin Kudu, da Sarkin Fulanin Jahun, dukkansu a ƙarƙashin Sarkin Kano.

Abin da jihadi ya yi nasarar sauyawa shi ne lafazin gaisuwar. Turɓaya ta tafi, durƙuso da cire takalmi da jinjina suka saura, addu'a kuma ta zama ita ce ƙashin bayan kiran girma. Mai gaisuwa a fada yakan zube ya dunƙule hannu ya ce Allah ya taimaki sarki, Allah ya ja zamanin sarki, Allah ya ba ka nasara. Ba ya cewa "kai", sai dai "sarki ya ce", "sarki ya sani", kamar wanda ake magana da shi ba ya wurin. Sarki ba ya amsawa da bakinsa. Dogarai da fadawa ne ke amsa masa, su ce an gaishe ka, sarki ya gaishe ka, su haɗa da sarautar mai gaisuwar in yana da ita. Addu'o'in kuma ba barkatai ake rabon su ba. Mai mulki ana roƙa masa tsawon rai da nasara, domin su ne bukatarsa. Malami da alƙali kuwa "Allah ya gafarta Malam" ake ce musu. Wannan rabo yana da hikima ƙwarai: wanda ke ba da fatawa ko yanke hukunci ya fi kowa bukatar gafara, kuma duk wanda ya durƙusa gabansa yana tuna masa da haka cikin ladabi.

Malamai suna da nasu tsanin, kuma a gabashin tsohuwar ƙasar Kano, inda tsangayu suka yi yawa, tsanin a bayyane yake. Yaro yakan fara a kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Wanda ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka shi ne Alaramma. Sama da shi akwai Gwani, kalmar da ta zo daga Borno tare da salon karatun kansa. Waɗannan ba sarki ke naɗa su ba, ba a kuma gadonsu. Malaman tsangaya ne ke sallama wa mutum bayan sun gwada shi a zaman darasu da musaffa, shi ya sa har yau ba a jin wanda ya laƙaba wa kansa Gwani ya zauna lafiya. Ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun ƙaro Shehi, Muƙaddami, Halifa da Sayyadi, sharifai kuma ana ce musu Sharu ko Sidi.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Cikin 'yan shekaru suka yanka ƙasar gunduma-gunduma, suka tilasta wa masu sarauta barin birni su zauna a gundumominsu, aka sami jerin da kowa ya sani: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Sarkin Dutse ya zama hakimi a lissafin En'e ta Kano, ko da yake mutanensa ba su taɓa daina ce masa Sarki ba. Turawan sun tarar da tsarin gaisuwa a shirye, suka shige cikinsa. "Zaki", wanda na sarakuna ne, ya zama abin da talaka ke faɗa wa Razdan da Di'o idan sun zo rangadi, yana durƙushe.

Sauyi mafi girma na wannan zamani ya faɗa kan kalmar Malam. Da can ta mai karatun addini ce. Da En'e ta fara ɗaukar masu iya rubutu aiki, sai aka sami malamin haraji, malamin gona, malamin daji, malamin asibiti. Daga nan ta bazu har ta zama abin da ake kiran duk wani baligi da ba a san sunansa ba, a tasha ko a kasuwa. Makarantun boko, irin ta Birnin Kudu wadda ta yaye manyan mutane da yawa, sun shigo da "Sa", barikin soja da na 'yan sanda suka yaɗa shi, Yallaɓai kuma ya zama na duk mai kaki ko mai ofis.

Siyasa ce ta fara tuhumar tsarin a fili. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta ɗauki cire takalmi da faɗuwa gaban hakimi a matsayin alamar danniya, magoya bayanta da dama sun ƙi yi, kuma sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai a kan haka. Jagoranta Aminu Kano bai karɓi rawani ba. Har ya rasu a 1983 Malam ake ce masa, kuma a ƙasar Kano da Jigawa idan ɗan siyasa ya ce "Malam" bai ƙara komai ba, an san wanda yake nufi. Abokin hamayyarsa Ahmadu Bello shi ma sunansa ya ɓace, amma cikin sarauta: Sardauna. Ke nan ɓangarorin biyu sun yi faɗa a kan wa ya cancanci girma, amma dukkansu sun girmama jagoransu ta hanyar da suka gada, wato sakaya sunansa. Aƙidar NEPU ta yi ƙarfi a yankin Dutse. Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, a jam'iyyar PRP ta Aminu Kano ya fara zuwa majalisar wakilai a 1979. Daga ɓangaren addini kuma, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta yi wa'azi a kan durƙusa wa mutum, ta fifita sallama da musafaha a tsaye, kuma a zamaninta ne Ustaz ya yawaita a bakin matasa.

Alhaji da Hajiya sun bi wata hanya dabam. Lokacin da ake zuwa Makka ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, tafiyar takan ci shekaru, wasu ma ba sa dawowa, don haka gari guda yakan kasance da Alhaji ɗaya ko biyu. Jirgin sama daga Kano ya gajarta tafiyar, kuɗin mai na shekarun 1970 ya yawaita masu zuwa, har alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977. Tun daga nan kalmar ta ɗauki ma'ana ta biyu, ta mai hali. Ɗan kasuwa yakan ce wa mai saye Alhaji don ganin shigarsa kawai, 'ya'ya kuma sukan kira iyayensu Alhaji da Hajiya a maimakon Baba da Inna. Da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse a 2014, maniyyatan jihar suka sami damar tashi daga gida.

Matsayin Sarkin Dutse kansa ya yi hawa da sauka, kuma kiran da ake yi masa a hukumance ya bi sawu. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse, tare da Gaya, Rano, Ƙaraye da Auyo, zuwa masarautu masu cin gashin kansu. Sabo Bakin Zuwo ya soke wannan a 1983. Sai da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, sannan masarautar ta tabbata, ɗaya cikin biyar tare da Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Muhammadu Sanusi, wanda ya hau a matsayin hakimi, ya zama sarkin yanka. Ɗansa Nuhu Muhammadu Sanusi ya gaje shi a 1995 ya yi mulki har rasuwarsa a Janairun 2023, sannan aka naɗa ɗansa Hamim. A ƙa'idar da rediyo da takardun gwamnati suka daidaita, Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarkin yanka, Mai Girma na hakimi da gwamna, Mai Shari'a na alƙalin babbar kotu. Samun masarauta ya kuma sa sarautun da a da ake jingina su ga Kano yanzu ake jingina su ga Dutse, a ce Galadiman Dutse, Wazirin Dutse, Madakin Dutse.

Zaman Dutse hedikwatar jiha ya tara ma'aikata da 'yan siyasa, buɗe jami'ar tarayya a 2011 ya ƙaro malaman boko, sai wani sabon jeri ya hau kan tsoho: Onarabul, Ciyaman, Kansila, Sanata, Kwamishina, Injiniya, Barista, Dakta, Farfesa, Kwamared. Oga ya zo daga kudu ya zauna a gareji da tasha. Bambancin wannan jeri da na da shi ne ana tara shi. A katin gayyata a kan ga Alhaji da Dakta a gaban suna, sarauta a bayansa, kuma mai gabatarwa a taro ya san fushin da zai jawo idan ya tsallake ɗaya. Tun da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, sarautu da yawa sun zama na karramawa, babu ƙasa babu talakawa. Akwai waɗanda suka cancanci rawanin da hidimarsu ga jama'a, amma yawan naɗin ya rage wa wasu sarautun kwarjini, haka ma kiran wanda ya yi kansila sau ɗaya Onarabul har ƙarshen ransa. Duk da haka tsohon ma'auni bai mutu ba: gwamnan da aka rantsar a 2023, Umar Namadi, Malam ake sa masa a gaban suna a sanarwar gwamnati.

A cikin gida sauyin ya fi tafiya a hankali. A unguwannin ma'aikata yara na cewa Dadi da Momi, Anti da Ankul suna ture Gwaggo da Kawu, matan zamani da dama kuma suna kiran ɗan farinsu da sunansa ba tare da jin komai ba. Katin asibiti, rajistar makaranta da katin ɗan ƙasa duk suna neman sunan yanka a faɗe shi ƙarara, har matar da a da sai ta sa wata ta faɗi sunan mijinta a wajen awo yanzu takan faɗa da kanta. Sai dai mayar da sunan iyaye yana nan, saboda haka bukatar sakayawa tana nan, abin da ya sauya shi ne laƙubban: inda aka saba da Babangida da Uwani, yanzu Halifa, Amir, Walid da Mami sun yi yawa. A ƙauyukan Miga, Buji da Jahun kuwa, suruka ba ta faɗin sunan uwar mijinta, yaro yana durƙusawa ya gai da dattijo, kuma dagaci ranka ya daɗe ake ce masa.